Boɗinga Da Shagari: Wa Zai Rubuta Tarihin Sauran Jama'a?

Yau ina so mu ɗan jingine labaran soyayya gefe guda, mu taɓa wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar asali da tarihin garuruwanmu na karkara. Zan kafa hujjata ne da ƙananan hukumomi biyu na Jihar Sakkwato, Boɗinga da Shagari, domin su na fi sani, amma duk wanda ya cire waɗannan sunaye ya sa na garinsu zai ga rigar ta yi masa daidai.

Bari in fara da tambaya. Mai karatu, lissafa mini kakanninka na wajen uba. Da yawanmu za mu ambaci uba, mu ambaci kaka, wanda ya yi ƙoƙari ya kawo mahaifin kaka, daga nan kuma sai inda-inda. To koma wajen uwa. Mene ne sunan yanka na kakar mahaifiyarka? Ba Inna ba, ba Iya ba, ba Hajiya Babba ba, sunan da aka raɗa mata ranar suna nake nufi. Na sha yin wannan tambaya a majalisa, har a cikin masu digiri biyu da uku, kuma da wuya a samu mutum ɗaya ya amsa. Alkunyar da ta hana mu kiran sunan manya abu ne mai kyau, amma ga shi ta binne mana sunaye da yawa tare da masu su, musamman na mata.

Abin da ya sa wannan ya fi ba ni takaici a Boɗinga da Shagari shi ne, ƙasa ce wadda alƙalamin tarihi bai taɓa mantawa da ita ba. A Sifawa, wadda ke cikin Boɗinga a yau, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajajen 1810 har zuwa 1815 lokacin da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. A wannan zama ne, cikin 1812, ya raba kula da daula gida biyu, yamma ga ƙaninsa Malam Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Shi kuwa Malam Abdullahi a garin Boɗinga yake zaune a waɗannan shekaru, kafin daga baya ya tare a Gwandu. A cikinsu ne ya rubuta Ida'un Nusukh a 1812, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wajensu, sannan ya rubuta Tazyinul Waraƙat a 1813, wanda ya ƙunshi labarin danginsu da na jihadi. Bello ma a 1812 ya kammala Infaƙul Maisur. Ke nan mutanen da suka zauna wannan ƙasa shekara ɗari biyu da suka wuce sun san darajar rubuta wane ya haifi wane, wane ya karantar da wane.

Haka abin yake a Shagari. Saboda garin ya haifi shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Shagari, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, duniya ta san cewa kakan mahaifinsa... a'a, bari in faɗa daidai yadda aka rubuta: kakansa na biyu, Ahmadu Rufa'i, shi ya kafa garin, mahaifinsa Aliyu ya riƙe sarautar Magajin Shagari, an haife shi a 1925, ya yi elementare a Yabo, ya rasu a 2018 aka kai shi gida aka rufe. Shi da kansa ya zauna ya rubuta tarihin rayuwarsa cikin littafin Beckoned to Serve da ya fito a 2001. Yabo ɗin ma, wadda Shagari ta daɗe a ƙarƙashinta, an san ta da Muhammadu Moyijo, jagoran Fulanin Kabi da ya mara wa Shehu baya tun farkon jihadi.

Duk wannan abin alfahari ne. To amma jama'a, tarihin gida nawa ke nan? Wa ya fara sara a Tulluwa? Su wa suka haƙa tsohuwar rijiyar Takatuku? Daga ina maƙeran Danchadi suka zo? Yaushe kasuwar Dandin Mahe ta fara ci, kuma me ya kawo mutanen farko Jaredi da Kajiji da Lambara? Mutanen da suka noma geron da aka ciyar da almajiran Sifawa, da matan da suka daka shi, da masaƙan da suka tufatar da su, suna da jikoki a raye yau, amma babu littafin da jikokin za su buɗe su ga sunan kakansu. Ra'ayina a taƙaice shi ne, tarihin sarakuna da malamai ya samu masu hidima, na sauran jama'a kuwa maraya ne, kuma in ba mu 'ya'yan ƙauyukan muka rubuta shi ba, babu baƙon da zai zo ya yi mana.

Don kada a ce ina neman abin da ba ya yiwuwa, bari mu leƙa wata ƙasa. A Sikotlan, wato arewacin Birtaniya, wani mai suna John Sinclair ya aika wa limaman coci na gundumomin ƙasar tambayoyi 160 a shekarar 1790, kowa ya ba da bayanin gundumarsa: yawan mutane, abin da ake nomawa, sana'o'i, kuɗin ƙodago, tsofaffin gine-gine, har ma'anar sunan gari. Daga 1791 zuwa 1799 aka buga amsoshin gundumomi sama da 900 cikin mujalladi 21. Ban da wannan, coci-cocinsu sun daɗe suna rubuta haihuwa da aure, sannan daga 1855 hukuma ta wajabta rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Shi ya sa yau jikan makiyayin tumaki da kakanninsa suka yi ƙaura zuwa Kanada zai zauna gaban kwamfuta ya gano ƙauyen da suka fito. Abin dariya abin tausayi, Hugh Clapperton, Baturen da ya ziyarci Sarkin Musulmi Bello a 1824 ya kuma dawo ya mutu a Sakkwato a 1827, ɗan can ne, kuma an san an haife shi a garin Annan a 1788. Baƙon da ya kwana biyu a ƙasarmu an san shekarar haihuwarsa, amma wanda ya ɗebo masa ruwa ko ya yi wa dokinsa ciyawa ko sunansa babu.

Abin lura a nan, Sinclair bai jira masana daga birni ba. Mutumin da ke zaune cikin jama'a ya tambaya. Mu ma muna da irinsu: limamai, malaman firamare, magatakardan hakimai, malaman asibiti da suka yi ritaya. Kuma ba da hannu biyu babu komai za su fara ba, domin kayan aikin suna nan, a warwatse ne kawai.

Na farko akwai rubuce-rubucen Larabci da ajami. Ban da littattafan da na ambata, akwai Raudul Jinan na Waziri Giɗaɗo, akwai kuma ayyukan marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, musamman Tarihin Fulani da ya rubuta da Hausa. A ɗakin karatunsa ne Murray Last ya samu mafi yawan abin da ya gina littafinsa na daular Sakkwato da ya fito a 1967. A Sakkwato akwai hukumar adana tarihi da al'adu ta jiha mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu, akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sashenta na tarihi, inda ɗalibai suka daɗe suna rubuta kundin kammala karatu a kan garuruwansu. Waɗannan kundaye taska ce, domin da yawa an yi su ne da hira da tsofaffin da yanzu ƙasa ta rufe wa ido.

Na biyu akwai takardun Turawa. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin Lardin Sakkwato. Joji-joji da di'o-di'o sun zagaya gundumomi don ƙiyasta haraji, suka rubuta sunayen ƙauyuka da na dagatai, da yawan magidanta da dabbobi, da sana'o'i, sau da yawa har da ɗan tarihin yadda aka kafa gari kamar yadda dattawan wancan lokaci suka faɗa musu. E. J. Arnett ya tara wani abu daga irin wannan a littafinsa na bayanin Lardin Sakkwato a 1920. Amma a karanta su da ido biyu. Baturen haraji ya zo nema, ta bakin tafinta yake ji, kuma dagacin da ke gabansa ya san abin da zai faɗa da wanda zai ɓoye, domin duk wanda ya faɗi gaskiyar yawan shanunsa jangali zai hau kansa. A Kadunar kuma akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, da aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970.

Na uku, wanda na fi jin tsoron salwantarsa, shi ne abin da ke cikin gidajenmu. Malaman da sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da rasuwar iyayensu a bangon littafi ko a wata 'yar warƙa cikin gafaka. Akwai wasiƙu na ajami daga 'yan cin rani da fataken goro na Gwanja, da na dangin da suka bi hanyar gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, waɗanda jikokinsu ke Sudan har yau. Akwai rasiɗin haraji, takardar rabon gado daga kotun alƙali, takardar sallama ta tsohon soja da ya je yaƙin Bama, fasfo na aikin hajji, rajistar makarantar elementare mai ɗauke da sunan yaro da na ubansa da ƙauyensu. Na taɓa ganin an share ɗakin wani dattijo bayan sadakar arba'in, aka kwashe irin waɗannan takardu aka ƙona don kada a taka sunan Allah. Niyyar mai kyau ce, amma da an ɗauki hotonsu da waya kafin a kunna ashana, da ba a yi asarar shekara tamanin cikin minti biyar ba.

Na huɗu shi ne baki, kuma shi ne mafi girma. Da tsohuwar zuma ake magani. Tsohuwar da ba ta san alif ba tana iya jero maka wa ya auri wa a unguwa har hawa biyar, da wanda ya sha nonon wa, abin da ko shari'ar aure ke buƙata. Maroƙa da sanƙira suna riƙe da kirarin gidaje. Makaɗan noma da na dambe irin su Ɗan'anace sun adana sunayen talakawa da garuruwansu da babu wani littafi da ya ambata, don haka tsofaffin kaset-kaset ma madogara ne. Wanzami ya san tsagar kowane gida, ya san wannan ta Kabawa ce, waccan ta Gobirawa ko Zamfarawa, ga shi kuwa an daina tsaga, nan gaba kaɗan ba za a samu fuskar da za a karanta ba. Wasan taubasantaka, irin na Fulani da Barebari ko Gobirawa da Yarabawa, shi ma yakan nuna inda gida ya fito. Haka sunayen wurare: duk inda ka ji Gidan Wane, Tungar Wane, Rugga ko Runji, to sunan yana ba ka labarin wanda ya kafa wurin da kuma irin zaman da aka yi.

Wani zai ce ai tsofaffi ba su san shekara ba. Sun sani, lissafinsu ne daban. In tsoho ya ce an haifi ubansa shekarar yunwar Kakalaba, ka san 1913 zuwa 1914 yake nufi. In ya ce ya yi aure shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar, 1938 ke nan, in kuma zamanin Tambari ne, tsakanin 1924 da 1931. Zuwan Sarauniya 1956, komawa tuƙi hannun dama 1972, canjin kuɗi zuwa naira 1973. Mai bincike ya rubuta irin wannan jadawali a bayan littafinsa, sai ya ga labarin baka ya zauna daram a kan shekaru. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ji daga baki guda. A tambayi gidan sarauta, a tambayi gidan da aka karɓe sarautar daga hannunsu, a tambayi mata daban, a rubuta sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, inda aka saɓa kuma a rubuta duka biyun.

Yanzu bari in zo kan abin da na san yana ran wasu tun ɗazu. Za a ce wannan tone-tone ne, kuma tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Gaskiya ne akwai abin tsoro. Ƙasar da ke kewaye da Sakkwato ƙasar rumada ce, bayi da yawa sun noma ta. Turawa sun ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma a Kaduna akwai rajistar waɗanda suka fanshi kansu ko aka 'yanta su ta hannun alƙalai. Har gobe akwai gidajen da ake hana aure saboda wannan magana, ana raɗa ta a bayan ido. Ga kuma Satiru, wadda ke tsakanin ƙasar Danchadi da ta Dange. A watan Fabrairu na 1906 mutanenta suka kashe Turawa uku da sojojinsu, a watan Maris aka dawo aka kashe kimanin mutum 2,000, aka rushe garin, aka watsa matan da yaran da suka tsira cikin wasu garuruwa. Waɗannan mata sun haihu, jikokinsu na nan cikinmu, wataƙila har da mai karanta wannan. Wa zai so a tono masa wannan?

Amsata ita ce, shirun da muke yi bai kashe maganar ba, ya bar ta ne a hannun masu gulma. Wanda ba a rubuta tarihinsa ba, duk abin da maƙiyinsa ya faɗa a kansa shi ke zama. In an rubuta, za a ga cewa wanda ake wa gorin bauta kakansa ɗa ne a garinsu hari ya ci shi, ya yi murgu shekara da shekaru ya fanshi kansa da guminsa, wanda ni a wajena wannan jarunta ce da ta cancanci kirari. Za a kuma ga cewa gidajen da ke tinƙaho da asali, in aka bi ta wajen uwa, da yawansu ƙwarƙwara ce ta haifi kakansu. Abubakar Tafawa Ɓalewa bai ji kunyar gina Shaihu Umar a kan bauta ba tun cikin shekarun 1930, mu da muka zo bayansa da shekara casa'in me muke tsoro? Duk da haka ina da sharaɗi: asalin gida na masu gidan ne. Kowa ya rubuta nasa ya ajiye wa 'ya'yansa, kada wani ya buga asalin maƙwabcinsa ba da yardarsa ba. Tarihin gari na kowa ne, sirrin gida kuwa amana ne.

Akwai kuma cuta ta biyu, kishiyar ta farko, wato ƙirƙirar asali. Da zarar mutum ya yi kuɗi ko ya samu kujera, sai a wayi gari an haɗa masa salsala har zuwa gidan Shehu, ko wani mai tuta, ko Sharifai. In kowa jikan mai tuta ne, to su wa suka bi tutar? Malamanmu sun koyar da cewa ana sanin nasaba ne don a sada zumunci, a raba gado daidai, a san wanda aure ya haramta da shi. Wanda ya jingina kansa ga uban da ba nasa ba ya yi wa kakansa na gaskiya butulci, ya kuma ɓata wa na baya hanya. Basulluɓe makiyayi, Bakabe masunci, Bazabarme ɗan cin rani da ya zo ya zauna, duk asali ne, babu na yarwa.

Me ya sa nake ganin abin na gaggawa ne? Duba shari'un gona da na gado da ke kotunanmu, yawancinsu sun taso ne bayan mutuwar dattijon da ya san iyaka, ya san wace gona aro ce wace ce jingina. Duba yadda rashin tsaro ya tayar da ƙauyuka a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, mutanen da suka yi shekara ɗari wuri ɗaya suka watse cikin birane. Ƙauye in ya watse, tsofaffinsa su ke fara mutuwa, kuma da su ake binne sanin wa ke da wace gona. Allah Ya kiyaye sauran, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan wanda aka haifa shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar yau ya doshi casa'in. Waɗanda suka ji labarin zuwan Turawa daga bakin wanda ya gani da idonsa saura ƙalilan.

Shawarata ba ta buƙatar kwangila. Kowane ɗalibi da ke hutu ya sayi littafin rubutu mai ganye tamanin, ya zauna da mafi tsufa a gidansu, namiji da mace, ya naɗi muryarsu a waya, ya rubuta sunaye na yanka da laƙabi, da garin da kowace mace ta fito. A yi kwafi uku a raba wa 'yan uwa, domin waya takan faɗa ruwa. Ƙungiyoyin ci gaban gari, waɗanda ke tara kuɗin gyaran masallaci da maƙabarta, su ware ɗan abin da zai kai mutum biyu Kaduna da Sakkwato su ɗauko hoton duk takardar da ta ambaci garinsu. Hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin biyu su tsara tambayoyi, ko talatin ne, a raba wa kowane dagaci da limami da shugaban makaranta, a tara amsoshin a buga da Hausa, a ajiye a makarantu. Kuɗin bai kai na walimar naɗin sarauta ɗaya ba.

Ku kuma 'yan uwana marubuta, maza da mata, da ku nake musamman. Mun kai taurarinmu Abuja da Dubai da Landan har mun gaji. Ga labarin yarinyar da aka ɗauko daga kufan Satiru ta girma a gidan da ba nasu ba, ga na ɗan cin ranin da ya tafi Gwanja ya bar amarya, ga na 'yan tarun Nana Asma'u da ke takowa daga ƙauyuka bayan jajinsu don neman karatu. Waɗannan suna bakin kakanninmu, kyauta, suna jiran mai tambaya.

Wanda duk ke da tsoho ko tsohuwa a gida, kada ya bari sai an yi sallah. Ya je wannan makon. Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda muka manta, Ya ba mu ikon sada zumunci.